Zuciyar da ta Gaji: Ciwon Zuciya da Maganinsa a Ƙasar Damagaram

 

Ina gaishe da wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin Sarki. Ina gaishe da iyayenmu hakimai da masu unguwanni, da malamanmu, Allah ya ƙara sani. Ina gaishe da likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya, da ɗaliban aikin likita da na hango sun cika kujerun baya. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata, domin kaso mai tsoka na maganar yau nasu ne, sai kuma marasa lafiya da masu jinyarsu, waɗanda dominsu aka shirya wannan zama. Waɗanda suka gayyace ni, Allah ya saka musu da alheri.

An ce in yi magana a kan ciwon zuciya: mene ne shi, yaya ake maganinsa, yaya mai shi zai zauna lafiya. Fage ne mai faɗi, ba zai ƙare a zama ɗaya ba, don haka zan riƙe magana guda in bi ta har ƙarshe. Ciwon zuciyar da ya fi kwantar da mutanenmu, daga Birni da Zango har Mirriya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure, a hankali yake zuwa, yana ba da sanarwa, kuma mafi yawan maganinsa ƙwayoyi ne da aka sani tun da daɗewa. Wuri biyu muke yin asarar mutane: wajen jinkirin zuwa asibiti, da wajen ajiye magani ranar da aka ji sauƙi. Zan kawo hujjata a kan batutuwa biyar.

Na ɗaya: me zuciya take yi, kuma yaya take gazawa? Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu masu buɗewa gefe guda, don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, ɓangaren hagu ya karɓe shi ya rarraba wa jiki. Wannan zagaye na huhu, Ibn al-Nafis ne ya bayyana shi a Alƙahira tun ƙarni na 13, kafin William Harvey na Ingila ya kammala bayanin zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Zuciyar babban mutum tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kwana guda, tana tura kimanin lita biyar a kowane minti ko da yana kwance. In aka tara, ya haura lita 7,000 a kwana. Mutumin Damagaram ba a koya masa darajar ruwa, to ku auna da jarka mai lita 25: kusan jarka 290 ke nan, kullum, babu Juma'a babu Sallah. Wane ɗan garuwa ne zai iya?

Idan wannan tsoka ta raunana, jinin da ya kamata ya wuce sai ya taru a baya. Ƙoda ta ga abin da ke isowa wurinta ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, cunkoso ya ƙaru. Ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gajarta. Mutumin da ya saba tafiya daga gida zuwa Kasuwar Dole ba tsayawa, yanzu sai ya huta a hanya. Da dare ya ƙara matashi, gobe ya ƙara wani, har ya koma kwana a zaune jingine da bango. Sujada ta fara yi masa nauyi. Takalmi ya ƙi shiga da yamma, in aka danna yatsa a ƙwaurinsa sai ya bar rami. Wannan shi ne gazawar zuciya, kuma shi ne ya fi cika gadajen asibitocinmu. A 2012 aka buga sakamakon wani bincike mai suna THESUS-HF, wanda ya bi majinyata 1,006 da aka kwantar da wannan ciwo a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara. Matsakaicin shekarunsu 52, alhali a Turai ciwo ne na masu shekara saba'in zuwa sama. Hawan jini ne ya jawo kashi 45 cikin ɗari, lalacewar ƙofofin zuciya tun daga ƙuruciya kashi 14, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa bai kai kashi 8 ba. Ban ce wannan na ƙarshe babu shi a nan ba. Yana nan, yana ƙaruwa tare da ciwon suga da taba da ƙiba, kuma duk wanda ya ji an danne masa ƙirji, zufa ta keto, ciwon ya gangara hannu ko muƙamuƙi, asibiti za a kai shi a wannan sa'ar, ba gobe ba. Amma hoton da fina-finai suka saka mana a kai, na attajiri ya dafe ƙirji ya faɗi, ya sa talaka yana zaton ciwon zuciya bai san gidansa ba.

Na biyu: hawan jini, wanda a nan aka fi sani da tansiyo. Shi ne babban mai laifi, kuma muguntarsa ita ce ba ya ciwo. Mutum zai yi shekara goma yana noma, yana cin kasuwa, yana cin tuwonsa, bai ji komai ba. A cikin shekarun nan zuciya tana turi da ƙarfin da ya wuce ƙima, bangonta ya yi kauri, ya sandare, daga baya ya saki. Ƙoda tana lalacewa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna rauni, har ranar da ɗaya za ta toshe ko ta fashe, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi. Wani zai ce mini, ai mai tansiyo yana jin ciwon kai da jiri. Wani yana ji, da yawa ba sa ji, kuma da yawa masu ciwon kai jininsu lafiya lau yake. Awo ne kaɗai ke nuna shi. In aka auna a ranaku daban-daban, mutum yana zaune a natse, aka samu 140 bisa 90 ko fiye, abin da ma'aikatanmu suke faɗa da 14 da 9, to an shiga. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya ishe su. A Nijar, binciken STEPS na 2007 ya same shi a jikin fiye da mutum ɗaya cikin manya biyar. Ku dubi sahun da kuke zaune ku ƙirga.

A nan tarihinmu ya shigo cikin maganar. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, da bindiga da ganuwa, amma kuma da fatauci, kuma cikin kayan da ayari ke ratsa ƙasar nan da su zuwa Kano akwai gishirin Bilma da kanwar Muniyo da Manga. Ba abin mamaki ba ne da kanwa ta zauna daram a tukunyarmu: a miyar yauƙi, a dahuwar wake, a kunu, har a bakin mai cin taba gari. Abin da ya haɗa gishiri da kanwa shi ne sinadarin sodiyom, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Mai hawan jini da ya rage gishiri ya bar kanwa yadda take, rabin aiki ya yi. Sai kuma baƙon da ya zo daga baya ya mamaye miya, wato dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da na cikin burodi da yaji da kilishi da duk abin da ya shiga baki.

Na san amsar da ke jira: kakanninmu sun sha kanwa sun rayu. Gaskiya ne sun sha. Amma a ƙafa suke zuwa gona, ba a kan kabu-kabu ba, ba su san dunƙule ba, ba su san lemun kwalba ba. Sannan wa ya auna su? Wanda ya kumbura ya mutu a lokacin, an ce sammu ne ko ajali, ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Rashin awo ba shaidar lafiya ba ce. Kuma ba cewa nake a ci lami ba. Albasa, tafarnuwa, citta, tsamiya da lemun tsami suna tayar da miya, harshe kuma yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin ƴan makonni, in dai an rage wa tukunyar gida duka, ba a ware majinyaci da ɗan kwanonsa kamar wanda aka yi wa horo ba.

Na uku, kuma a nan zan daɗe: zuciyar mai jego. Kowa a ɗakin nan ya san irin labarin. Yarinya ta haihu lafiya, an yi suna, an watse. Bayan mako uku ko wata biyu ta fara tari, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya, ɗaukar jaririn ma yana sa ta haki. Gida ya ce jego ne, sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu. Alhali tsokar zuciyarta ce ta raunana, a mace da ba ta taɓa ciwon zuciya ba, a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ciwon yana ko'ina a duniya, amma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa. A Amurka yana kama mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Sakkwato, binciken da aka buga a 2007 ya samu ɗaya cikin 102. A Kano an samu ɗaya cikin 96. Kano kuwa ba ta kai kilomita 250 daga inda muke zaune ba, jini ɗaya, abinci ɗaya, al'ada ɗaya.

Me ke kawo shi? Tarihin wannan tambaya yana da darasi. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun lura cewa ya fi yawa a tsakanin Hausawa, kuma ya fi tsananta wajen watan Yuli, lokacin zafi da gumi. Suka ɗora zargi a kan wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu mai ma'ana ce: zafi yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki, kanwa tana cika jiki da ruwa. Shekaru da dama haka aka koyar da ɗalibai. Daga baya a nan Nijar, Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka auna jinin masu ciwon, suka buga a 1992 cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙasa a jininsu in aka kwatanta da masu shayarwa lafiyayyu. Seleniyom daga ƙasa yake shiga hatsi, kuma an riga an san ƙarancinsa yana raunana zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. Sannan a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon babban binciken nan na PEACE, wanda ya tattara mata 406 daga asibitocin Najeriya. Ba su samu alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da suka samu shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin mai ciki.

To yaya za mu yi da wannan? Ni dai hukuncina shi ne a daina ɗora wa kakanninmu mata laifin da ba a tabbatar ba. Tsohuwar da ta tashi da asuba ta hura wuta, ta tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa wa jikarta, kulawa take yi, kuma mai jego da aka hutar kwana arba'in ana ciyar da ita ta fi wadda aka bari da daka da ɗiban ruwa. Tushen ciwon ya fi kusa da yunwa da haihuwa a kan haihuwa da rashin awon ciki. Amma kada kuma a juya maganata. Cewa kanwa ba ita ta haifar da ciwon ba, bai sa ta zama lafiya ga wadda ciwon ya riga ya kama ba. Matar da ruwa ya cika wa huhu, kowane kofin kunun kanwa ƙarin ruwa ne, kowane wankan turiri ƙarin wahala ne ga zuciyar da ke neman hutu. Dokar mai sauƙi ce: mai jegon da ta kasa kwanciya saboda numfashi, ko ƙafarta ta ci gaba da kumburi bayan suna, a ajiye kanwa, a sassauta ruwa, a kai ta a duba zuciyarta da na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya, kada a jira arba'in ta cika.

Akwai wani adadi da nake so ku tafi da shi. Cikin matan da binciken PEACE ya bi na tsawon lokaci, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A wani bincike na Arewacin Amurka da aka buga a 2015, kusan bakwai cikin goma sun warke cikin shekara guda. Ciwo ɗaya ne fa. Kuma a cikin matan Najeriyar nan, waɗanda suka dage da shan ƙwayar nan mai sassauta bugun zuciya, irin su bisoprolol da carvedilol, sun fi tsira. Ga maza kuma: matar da zuciyarta ba ta gama warkewa ba, sabon ciki zai iya zama ajalinta. A Nijar, ƙasar da wani bincike na 2012 ya nuna mace tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, wannan magana ce mai nauyi, na sani. Amma tazarar haihuwa ga irin wannan mata magani ce kamar ƙwaya, kuma maigida ne ke da ikon sa ta yiwu ko ta gagara.

Na huɗu: maƙogwaron yaro. Wata ƙwayar cuta mai suna streptococcus tana kama maƙogwaro, yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta ba, garkuwar jikin wasu yara takan ruɗe, bayan mako biyu ko uku ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yaro ya yi zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, ta saki, ciwon ya koma idon sawu. A ce sanyin ƙashi ne, a ba shi maganin zazzaɓin sauro, ya miƙe. Amma kowane zagaye yana barin tabo a ƙofar zuciya, har ta ƙuntace ko ta riƙa yoyo, sai a gan shi yana da shekara ashirin yana haki, ko a gan ta a cikin fari ta kasa numfashi. Wannan ciwo yana kashe fiye da mutum 300,000 a shekara a duniya, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta, shi ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Mu kuwa in yaro ya ce maƙogwaro, sau da yawa wanzami ake kira ya cire hakin wuya. Aska ba ta kashe ƙwayar cuta. Penisilin ke kashe ta, kuma wanda ciwon ya riga ya taɓa, allurar penisilin mai daɗewa a jiki, duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, ita ke hana tabo ƙaruwa. A Uganda an gwada wannan a kan yaran da eko ya nuna ciwon ya fara musu, aka buga a 2021: cikin shekara biyu, ciwon ya ci gaba a jikin kashi 8 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa allura ba, amma bai kai kashi 1 ba a waɗanda aka yi wa. In ƙofa ta riga ta lalace, sai tiyata. Cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta buɗe a 2007, ta yi wa ƴan Afirka da yawa wannan aiki kyauta, amma kun san yaƙin da Sudan ta shiga a Afrilun 2023. Gida nawa ne a Damagaram zai iya kai ɗansa ƙasar waje?

Na biyar: magani, inda duk maganar ta dosa. Mai gazawar zuciya yakan fito daga asibiti da ƙwayoyi iri biyu, kuma rashin bambanta su yana kashe mutane. Iri na farko shi ne mai sa fitsari, furosemid, wanda aka fi sani da Lasilix. Shi ne mai farin jini, domin cikin kwana biyu kumburi ya sace, numfashi ya dawo. Amma ruwa kawai yake kwashewa. Iri na biyu, irin su enalapril ko captopril, da bisoprolol, da spironolakton, su ne ke rage wa zuciya nauyi, su ba ta damar farfaɗowa, su ƙara kwana da yardar Allah. Su kuwa ba a jin aikinsu a jiki, sai a hankali cikin watanni. Sai majinyaci ya ga ƙafa ta koma daidai, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya ajiye duka. Ko kuɗi su gaza ya zaɓi wanda ya ga aikinsa da idonsa, ya bar masu tsaron ransa. Bayan wata biyu a dawo da shi a kwance, zuciyar ta fi da rauni. Haka ma hawan jini: in awo ya nuna 12 da 8 alhali kana shan magani, maganin ne ya kawo shi nan, in ka bari zai koma inda ya fito. Kuma yanzu muna da hujja daga jikin ƴan Afirka a kan abin da ya fi yi mana aiki. Binciken CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan majinyata 728 a ƙasashe shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi saukar da jini.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma ba zan raina su ba. Ana cewa in ka fara maganin tansiyo jiki zai saba, ba ka rabuwa da shi. Ƙwayar ba ta sa jaraba. Ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa maganin ba ya ƙarewa. Ana cewa zoɓo da tafarnuwa da zogale sun isa. An gwada zoɓo, yana ɗan saukar da jini, a sha shi ba tare da tulin suga ba, amma bai kai ya riƙe zuciyar da ta gaza ba, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta jigata. Ana cewa ɓacin rai ne ya sa masa ciwon, in hankalinsa ya kwanta zai warke. Damuwa tana ɗaga jini, ba musu, a tausaya wa majinyaci, amma kwanciyar hankali ba ta gyara ƙofar da ta ƙuntace. Ana cewa kowa da ajalinsa. Haka ne, kuma malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda suka san rangwamen da aka yi wa marar lafiya a azumi. Mai ciwon zuciya ya je wurin likitansa kafin a ga wata: wani za a sauya masa lokutan shan magani ya yi azuminsa, wani kuwa, musamman mai shan maganin fitsari in azumi ya faɗo a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, azumin haɗari ne gare shi.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na kuɗi, kuma ba ni da amsar da za ta share shi. Tsarin kula da lafiya kyauta da Nijar ta ɗauka a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa, bai haɗa da maganin hawan jinin magidanci ba. Manomin da ke jiran kaka, sayen ƙwaya duk wata ba wasa ba ne a wurinsa. Abin da zan ce wa majinyaci shi ne ya faɗa wa likita gaskiyar aljihunsa, ya nemi a rubuta masa jenerik, domin sinadari ɗaya ne da mai babban suna kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Dangin da za su haɗa kuɗin mota zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, ranar da abu ya ɓaci, su haɗa kaɗan daga ciki tun yanzu a sayi maganin wata-wata. Abin da zan ce wa hukuma kuwa shi ne Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ba zai iya ɗaukar jiha guda shi kaɗai ba. A sa na'urar awon jini mai aiki a kowace cibiyar lafiya ta karkara, a horar da ma'aikatan jinya su riƙa bin mai tansiyo da tsari guda rubutacce, kamar yadda shirin HEARTS na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanada tun 2016, kuma kada amlodipin da penisilin su yanke a kanti. Mun iya bin mai tarin fuka wata shida ba fashi, me zai hana mu bi mai hawan jini?

Sauran ƴan abubuwa ne ga majinyaci, zan faɗe su da sauri. Ka guji maganin ciwon jiki na masu yawo da tire, musamman diklofenak da ibuprofen, domin suna riƙe ruwa su cuci ƙoda, haka ma ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon da ƴan mata ke sha. Mace mai shan enalapril ko captopril, in ta samu ciki ko tana nema, ta sanar da likita nan take, domin suna cutar da ɗan tayi. Ka bar taba, ta hayaƙi da ta baki da shisha. Ka yi tafiyar ƙafa da sanyin safiya gwargwadon ƙarfinka, zaman wuri ɗaya ba hutu ba ne ga zuciya. Ka samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta maka awonka da sunan magungunanka, ka tafi da shi tare da kwalayen duk inda za a duba ka. In nauyinka ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ko ka ƙara matashi da dare, kada ka jira ranar da aka ba ka.

Ranka ya daɗe, wakilin Sarki, roƙona a isar wa fada shi ne masu unguwanni da limamai su riƙa tuna wa jama'a awon jini, domin maganarsu tana shiga inda tamu ba ta kaiwa.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama. Wanda tambayarsa ta shafi takardar maganinsa shi kaɗai, ya same ni bayan an tashi.